Bijimin Bikin Yaye Fastoci

Da aka yi sunan jikata ta ƙarshe, ɗana ya kama wata gona a Awali, cikin gonakin Madina, aka shimfiɗa darduma a ƙarƙashin dabino, aka kira mutane. Na tambaye shi ina ragon. Ya ce tun da safe aka kai shi mayanka, za a kawo shi dafaffe a kan shinkafa. Na ce wa ya yanka. Ya yi dariya ya ce, "Baba, a Madina fa muke. Wa zai yanka in ba Musulmi ba?" Gaskiya ya faɗa. Babban jikana, wanda yake jin Hausa amma ba ya mayarwa sai da Larabci, ya dafa kafaɗata ya ce, "Halas ya jaddi," wato, kaka, ya isa haka. Na bari. Amma ni mahauci ne ɗan mahauci, kuma a inda na tashi wannan tambaya ake fara yi kafin a sa hannu a kwano.

Yanzu ina zaune a unguwar Harra ta Yamma, a nan Madina, a gidan ɗan nan nawa mai aikin haɗa magani a asibiti. Ba ni da aiki sai zuwa masallaci da dawowa. Yaran gidan sun san kakansu ya yi fawa a Nijeriya. Ba su san cewa a shekarun ƙarfina ni nake yanka wa wata makarantar horar da fastoci ba. Zan rubuta yadda abin ya kasance, bi da bi, domin ba na son labari a hargitse. Karatuna ba mai nisa ba ne, saboda haka ba zan taɓa abin da suke koyarwa a cikin aji ba. Abin da ya faru a fili, a gaban ido, shi zan faɗa.

Makarantar tana ƙasar Adamawa, a kan wani tudu da yake kallon kogi. Ta Kiristoci ce, waɗanda ake kira 'yan Lutaran. Mu kuma unguwarmu, ta Hausawa da Fulani, tana ƙasan tudun, jikin kasuwa. Shugabanni uku na sani a makarantar nan, kuma da su zan bi labarin.

Na farko shi ne wanda muke kira Dogon Bature. Ba ya cikin Turawan mulki. Daga wata ƙasa mai sanyi ya fito, shi da matarsa, kuma Hausarsa ta fi Turancinsa daɗin ji, in ji waɗanda suka san Turanci. Yawancin abin da na sani game da zamaninsa daga bakin mahaifina na ji, wanda shi ne sarkin fawan kasuwarmu. Ya ce makarantar ta fara ne a gindin wata tsamiya, da 'yan bukkoki na zana. Ɗaliban ba yara ba ne. Magidanta ne, masu bishara da aka zaɓo daga ƙauyukan dutse da na bakin kogi, kowa da matarsa da 'ya'yansa da fartanyarsa. Da safe su yi karatu, da yamma kowa ya shiga gonar da aka yanka masa, domin abin da ya noma shi zai ci. Matan kuma matar Baturen ce take koya musu karatu da ɗinki. Da Hausa ake koyarwa, saboda kowannensu da yarensa, Hausa ce kaɗai ta haɗa su. Ƙararrawarsu wani tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a reshen tsamiyar. In an buga shi har kasuwa ake ji, matan unguwarmu ma da shi suke sanin lokacin ɗora tukunya.

Da rukunin farko suka gama karatu, aka shirya bikin yaye su. Suka sayi sa, suka kashe shi yadda suka saba a garuruwansu, da bugun gatari a ƙeya. Aka dafa, Dogon Bature ya sa aka cika babbar fanteka da nama aka sauko da ita gidan mai unguwa. Mai unguwa ya karɓa hannu biyu, ya yi godiya, ya sa albarka. Da masu kawowa suka juya, aka kai naman bayan gari aka zubar, aka wanke fanteka tas aka mayar da goro a ciki. Na ji malamai a nan Madina suna dogon bayani a kan yankan ma'abota littafi. A can lokacin mutanenmu abu ɗaya suka sani, dabbar da ba a sa mata wuƙa a wuya da sunan Allah ba mushe ce.

Baturen ya yi ta murna da goronsa har sai da kukunsa ya gaya masa gaskiya. Ranar kasuwa ya sauko, ya tsaya a rumfar mahaifina.

"Sarkin fawa, naman da na aiko ya yi daɗi?"

Mahaifina ya ce, "Fantekar dai tana da kyau, Bature."

Sai Baturen ya fashe da dariya, ya zauna a kan kututturen sara, ya ce to yaya za a yi maƙwabci ya ci abincin maƙwabci. A nan suka daidaita. Duk bikin yaye, mahaifina ne zai yanka. Tukwanen bikin ba za a taɓa dafa alade a cikinsu ba. Shi kuma mahaifina ya kafa nasa sharaɗin, ya ce ba zai hau da yaransa ba, ɗalibai ne za su kama san su kayar.

"Igiya taku, wuƙa tawa," in ji shi. "In na zo da yarana, san ya zama na unguwarmu, ku kun zama baƙi a bikinku."

Haka tsarin ya zauna. Ranar biki da hantsi a jawo bijimi gindin tsamiya. Ɗalibai su ɗaure shi, su kayar, su juya shi ya fuskanci alƙibla. Akwai wani farin dutse da aka kafa a wurin don kada su ɓata, amma daga baya ko ba dutsen sun san gabas ɗinmu. Mahauci ya yanka, ya feɗe, ya rarraba. Matan ɗalibai su kwashe zuwa murhu. Daga nan su shiga coci, mu kuma mu zauna a inuwa a waje muna jin waƙoƙinsu ta taga. In sun fito sai a shimfiɗa tabarmi. Mai unguwa da shugaban makaranta a tabarma ɗaya, liman kusa da su, sauran mutane kowa inda ya samu. Ba wanda yake yi wa wani wa'azi a kan tabarmar nan. Maganar damina ake yi, da ta cikar kogi, da ta awakin da suke shiga gonaki. Har yau ban ci romon da ya kai na matan nan ba, da yajinsu da ɗan ɗacin gautan da suke sawa.

Dogon Bature ya tsufa, ciwon ƙafa ya kama shi, ya koma ƙasarsu. Na biyu ya zo, wanda muke kira Mai Tabarau. Wannan mutum ne mai tsari, kuma ina son mutum mai tsari. Shi ya rushe bukkoki ya gina azuzuwa da baƙin dutse, irin wannan da nake gani kullum a Harra, ya rufa su da kwano. Shi ya kawo akwatunan littattafai, ya ƙara shekarun karatu, ya shigo da Turanci. Ɗalibai suna tsoronsa. In ƙararrawa ta riga mutum, a bakin ƙofa zai tsaya har a tashi, ko da jikoki gare shi a gida. Ba ya iya zama a tabarma, kujera ake kawo masa, kuma ba ya son ganin jini. Lokacin yanka sai ya juya baya yana duba rufin aji kamar yana neman inda yake yoyo. Amma bai taɓa al'adar da ya tarar ba. A zamaninsa mahaifina ya rasu. Da bikin yaye ya matso, Mai Tabarau ya sauko da ƙafarsa har ƙofar gidanmu, ya yi mana ta'aziyya ta biyu, ya ce, "Wuƙar babanka tana hannun wa?" Na ce tana hannuna. Ya ce, "To, kada ka makara." Ban makara ba, a shekarar nan da duk waɗanda suka biyo.

Ɗaliban sun saba da ni. Suna tsokanata suna cewa, "Mahauci, ka ji wa'azi ta taga har ka isa fasto, saura a sa maka farar kwala." Ni kuma in ce musu, "Ku da kuka san alƙibla fiye da yaran unguwarmu, saura alwala." A yi dariya, a ci gaba da aiki.

Sai lokaci ya zo da Turawan mishan suka fara miƙa al'amuran ikilisiya, wato cocinsu, ga 'yan ƙasa. Mai Tabarau ya tara mutane a gaban aji, ya miƙa makullan makaranta ga magajinsa, ya cire tabaransa ya yi ta gogewa. Bai yi doguwar magana ba. Bayan 'yan kwanaki mota ta ɗauke shi.

Na uku shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe makarantar. Mutumin bakin kogi ne, gajere, marar jiki, mai sanyin murya. Yana cikin ɗaliban Dogon Bature, ya riƙe wa mahaifina igiya yana matashi, daga baya aka tura shi ƙarin karatu ya dawo yana koyarwa. Ya girme ni. Ina kiransa Malam, shi kuma yana kirana ɗan Baba, domin Baba yake ce wa mahaifina. Da na ji shi aka ba makullai na yi murna, na ce wannan ai ba sai an yi masa bayani ba.

A bikin yayensa na farko ne maganar ta tashi. Matarsa ce ta fara gaya mini, ta zo sayen ƙashi a rumfata. Ta duba hagu da dama ta ce, "Mahauci, ana ta rigima a kanka a tudu. Baban yara ba ya cin abinci."

Na ce, "A kaina? Me na yi?"

"Ba abin da ka yi. Wuƙarka ce ba sa so."

Wanda ya ta da maganar shi ne shugaban ɗalibai, yana cikin waɗanda za a yaye. Dogo ne, ƙaƙƙarfa, mutumin dutse. Yana yaro ya yi wa Fulani kiwo na haya, ya san shanu kamar su. An ce ba wanda ya kai shi iya wa'azi a rukuninsu. Shi ya tashi a taronsu ya ce Turawa sun tafi, makaranta ta dawo hannun 'ya'yanta, saboda haka bana da hannunsu za su yanka sansu. Wanda zai ci ya ci, wanda ba zai ci ba ya bari. Yawancin ɗalibai suka bi shi, wasu dattawan ikilisiya ma suka goyi bayansa. Suka ce a nan za a gane ko sabon shugaba shugaba ne ko kuwa har yanzu yaron Bature ne mai tsoron mutanen ƙasan tudu.

Ranar kasuwa ya zo rumfata kamar yadda ya saba. Na yanka masa tsoka na ce, "Fasto, na ji an ce ba ka son yankana. Wannan da kake karɓa kullum wa ya yanka?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na kasuwa daban, mahauci. Wancan bikinmu ne. Kakata da igiya a wuya mahaya dawaki suka sauko da ita daga dutse a matsayin baiwa, ba a sake ganinta ba. Yau kuma a ranar farin cikinmu sai mun riƙe ƙafar sa muna jiran wani ya halatta mana?"

Na ce, "Kakana bai taɓa mallakar doki ba, balle ya hau dutse. Nama ya sayar har ya mutu."

Ya ce, "Na sani. Ba da kai nake ba. Amma kai ne a gabana."

Ya ɗauki namansa ya tafi. Abin da ya faɗa game da kakarsa ba ƙarya ba ne, kowa a ƙasar nan ya san an yi haka.

A namu ɓangaren mai unguwa ya kira ni ya ce, in ba ni na yanka ba, ba wanda zai hau tudu. Za a aika da gaisuwa da goro, shi ke nan. Na san in aka yi shekara ɗaya ba a hau ba, ba za a sake hawa ba. Abin ya tsaya mini a rai. Wuƙar nan mahaifina ya bar mini ita da wannan aiki a jikinta, kuma ban so a ce a hannuna ya mutu ba. Amma ba na zuwa inda ba a kira ni ba. Na zauna ina jira. Aka kawo bijimin, na gan shi ana wucewa da shi ta bakin kasuwa, jan sa na Bororo mai dogon ƙaho, yana ta fizge-fizge. Ba wanda ya ce mini komai.

Sai ana gobe biki, bayan la'asar, Malam ya sauko a kan kekensa. Ya rame. Ya jingine keken ya zauna a benci, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Ɗan Baba, wuƙar tana da kaifi?"

"Tana da kaifi, Malam. Masu riƙewa fa?"

"Allah zai kawo su."

"Malam, na ga san nan. Ba irin wanda ake jira a gani ba ne. Bari in hau da yarana."

Ya girgiza kai. "Ina tsaye a wurin lokacin da Baba ya hana haka. In ka zo da yaranka, su ne suka yi gaskiya, bikin ya zama ba namu ba. Ka zo kai kaɗai."

Na ce, "Dattawanka za su juya maka baya."

Ya ce, "Wasu sun riga sun juya. Na yi ta tunani. In na bar wannan ya mutu don a ce ni jarumi ne, mutanen da zan yaye gobe ƙauyuka za su tafi, kuma babu ƙauyen da za su je da ba irinku a ciki. Me zan ce na koya musu?" Ya tashi ya kama kekensa. "Kuma ni ma ina son romon nan da liman a gefena, yana ƙorafin yaji ya yi yawa yana ƙara miƙo kwano."

Washegari na hau da hantsi, wuƙa a kube, ni kaɗai. Na tarar da bijimin a ɗaure a jikin tsamiya da igiya ɗaya. Dattawan ikilisiya suna zaune a benci cikin fararen riguna. Ɗalibai sun jeru a barandar aji, sun harɗe hannuwa, dogon nan a gabansu. Mata suna can wajen murhu, ruwa yana tafasa, ba nama. Na gaishe da dattawa, wasu suka amsa, wasu suka duba ƙasa.

Malam ya fito daga ofis. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ce, "'Yan'uwa, mahauci ya iso. A zo a kama." Ba wanda ya motsa. Ya sake faɗa, muryarsa ba ta canza ba. Ba wanda ya sauko daga baranda. Bai yi faɗa ba, bai ambaci hukunci ba. Sai ya sunkuya ya cire takalmansa ya ajiye su a jere, ya naɗe ƙafar wando, ya nufi tsamiya. Wasu malamai biyu matasa suka bi shi, 'yan birni, waɗanda ban yi zaton sun taɓa riƙe ko akuya ba.

Na ce, "Malam, kada ka kwance daga jikin itacen. A fara ɗaure ƙafa."

Ko bai ji ba, ko hannunsa ya riga kunnensa, ya kwance. Bijimin ya ji wuyansa ya saki, ya zabura. Malaman nan biyu suka watse. Malam kuwa ya naɗe igiyar a hannu ya ƙi saki. San ya ja shi tsaye, ya ja shi a guiwa, ya ja shi rub da ciki a kan tsakuwa. Matarsa ta taho a guje da muciya a hannu tana ihu, "Baban yara, ka saki! Ka saki mana, kana da wa'azi yau!"

Yana ƙasa yana cewa, "In na saki wa zai kama?"

Na yar da kube na bi su, amma san ya riga ya juyo. Ya sunkuyar da kai, ya nufi Malam da yake kwance. Ban ga lokacin da dogon nan ya bar baranda ba. Sai dai na gan shi a gefen san, hannu ɗaya a ƙaho, ɗaya a hanci, ya murɗe wuyan ya jefa nauyinsa a kai. Bijimin ya yi tangal-tangal ya faɗi, ƙasa ta amsa. Ya danne wuyan da guiwa ya daka wa 'yan'uwansa tsawa, "Kuna tsaye sai ya kashe shi? Ku kawo igiya!" Suka zubo gaba ɗaya. Kafin Malam ya miƙe an ɗaure ƙafafu.

Na ɗauko wuƙata na tsaya a kansu. San yana kwance, amma fuskarsa yamma take kallo. Alƙibla kuwa tana gabas. Ba ni da bakin da zan ce wa mutumin nan ya juya mini shi, bayan abin da ya gaya mini a kasuwa. Shi ma ya gani. Ya dube ni, ya dubi Malam da yake tsaye jini yana bin hannunsa, rigarsa ta yage. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce wa na wajen ƙafafu, "Ku ja ta can." Suka juya shi. Ya gyara guiwarsa, ya miƙar mini da wuyan yadda ya kamata, ya ce a hankali, "Ba don kai ba, mahauci."

Na ce, "Na sani."

Na ambaci sunan Allah na yanka.

Na feɗe, na rarraba, mata suka kwashe suna mita an ɓata musu itace. Malam ya yi wa'azinsa da hannu a naɗe da tsumma. Ta taga na ji muryarsa, ban ji ya ambaci abin da ya faru ba. Da rana ta take mai unguwa ya hau da mutanensa, aka shimfiɗa tabarmi. Wasu daga cikin dattawan ikilisiya suka tashi kafin a kawo abinci, suka hau kekunansu ba sallama. Wasu suka zauna suka ci. Liman ya ga hannun Malam ya tambaya, Malam ya ce ya faɗi ne. Mai unguwa ya ce, "Ai har kasuwa mun ji faɗuwar."

Dogon nan bai ci naman ba. Ya zauna gefe da takardar shaidarsa a cinya, yana cin tuwo da miyar ganye. Na yanki tozo mai kyau na kai wa matarsa a ganye. Ta riƙe tana kallonsa. Ya ɗago ya ce, "Ki ba yara." Aka tura shi aiki wani ƙauye a dutse. In ya sauko gari yakan biyo ta rumfata mu gaisa, ya tambayi yara, in tambayi nasa. Maganar ranar nan ba mu taɓa ta da ita ba.

Malam ya biya abin da ya yi. Dattawan da suka tashi ba su yafe masa ba. Kowane taro sai an sami abin da za a ce a kansa, yau rufin aji, gobe gonar ɗalibai. Bai daɗe kamar na gabansa ba. Duk da haka, a shekarun da ya yi, shi ya buɗe ajin da matan ɗalibai suke samun takardar shaida tasu, shi ya ɗauko malamai 'yan ƙasa ya cika makarantar da su, kuma kowace shekara ni na yanka, ɗalibai suka riƙe, unguwa ta hau. Bai sake buƙatar cire takalmi ba. Daga ƙarshe aka mai da shi wata ƙaramar ikilisiya a hayin kogi, inda mota ba ta zuwa da damina. Shugabannin da suka biyo bayansa ba zan ba da labarinsu ba, domin ban san su yadda na san waɗannan uku ba.

Ranar da zai tafi, motar kayansa ta tsaya a bakin kasuwa. Ya sauko ya zo rumfata, matarsa tana saman kaya riƙe da kaji. Na naɗe masa kilishi a takarda, ya karɓa ya sa a aljihun riga. Na ce, "Malam, da ka bar musu wuƙar nan da yanzu kana ofis ɗinka."

Ya ce, "Wataƙila." Ya ɗaga hannun riga ya nuna mini tabon igiyar, ya zagaye hannun kamar munduwa. "A can hayi kifi suke ci, ɗan Baba. Kifi ba ya jan mutum a ƙasa."

Direba ya danna ham. Matarsa ta ce, "Baban yara, rana tana yi." Ya ba ni hannu, na goge nawa a jikin riga na kama. Ya hau, motar ta gangara wajen mashigi, ni kuma na koma kan nama domin akwai masu jira.